Malalacin Idon Auta

Likitar ido ta ce idon 'yata Auta na hagu malalaci ne. Na ɗauka wasa take yi, na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Na dama ne ke yin duk aikin," in ji ta. "Za ku riƙa rufe shi da filasta na wasu awoyi kullum, don na hagun ya tashi. Yanzu da take ƙarama zai gyaru. In ta girma a haka, ko tabarau ba zai dawo da ganinsa ba."

"Mai lafiyar za a rufe?"

"Mai lafiyar. Za ta yi kuka, za ta yi karo da kujeru. Ku daure."

Sai da na sake tambaya a bakin ƙofa, har matata ta ja min riga.

Ni direban motar kai kaya ne, matata kuma tana aiki a shagon ɗinki. Da rana Auta tana hannun Inna, mahaifiyata, wadda ke zaune tare da mu. Ni ke manna filastar da safe kafin in fita. Makonni suka wuce, babu kuka, babu karo. Duk sanda na buga waya sai Inna ta ce, "Tana can tana tsalle-tsallenta." Har rashin matsalar ya fara damuna. Matata ta ce, "Kai dai in ka rasa abin fargaba, ƙera shi kake yi."

Wata rana aiki ya biyo da ni ta layinmu, na leƙa gida da tsakar rana. Ga Auta tana tsallen igiya ko tuntuɓe babu, filasta a idon hagu.

"Inna! Wa ya canja mata?"

"Ni. Kullum in ka fita nake gyara kuskurenka. Shiru na yi don kar in ba ka kunya a gaban matarka."

"Ba kuskure ba ne, likita ce ta ce."

"To ba ka ji da kyau ba. Tun kana yaro kunnenka na ado ne. Ciwo yana hagu, ka ɗaure dama?"

Na zauna a kan buhun gawayi. Na yi bayani, na maimaita, har na zana ido biyu a ƙasa. Inna tana yankan albasa, ko kallon zanen ba ta yi ba. Can na ce, "Ɗayan yana yi masa komai, shi ya sa ya kwanta. Sai an ɗauke mai yin aikin."

Ta ajiye wuƙa.

"Au, irinka ne kenan. Muddin yayarka tana gidan nan, ko cokali ba ka taɓa wankewa ba. Ranar da ta tafi makarantar kwana ka san inda sabulu yake." Ta ɗaga murya. "Auta, zo nan, 'yar gidana. Idon nan naki gadon ubanki ya yi."

Da hannunta ta manna sabuwar filasta a dama.

Ranar muka ji kukan da aka yi mana alkawari. Auta ta buge goshi a ƙofa, ta kifar da kofi, ta ce ta daina ƙawance da kowa. Da ta ce, "Baba, ba na ganinka sosai," hannuna ya tafi kai tsaye zai ɓare filastar. Inna ta doke shi da murfin tukunya.

"Fita ka kai kayan mutane. Kai ne za ka lalata mana aiki."

Daga nan kullum sai ta zaunar da Auta ta zura mata duwatsun ado a zare, ko ta tsince mata maɓallai baƙaƙe daga cikin shuɗaye. Wuyan Inna ya cika da sarƙoƙi karkatattu, da su take zuwa unguwa.

Da muka koma asibiti, Inna ta biyo mu, wai ba ta yarda da kunnena ba. Likita ta rufe idon dama, ta nuna allo. Auta ta faɗi manyan hotuna, ta sauko zuwa ƙanana. A layin da ta tsaya a zuwanmu na farko, ta ƙura wa allon ido.

"Agwagwa ce," in ji ta. "Da jirgi."

Likita ta ce idon ya fara tashi, amma da sauran tafiya, mu ci gaba. Inna ta gyara sarƙarta ta ce, "Likita, ki ƙaro filasta ɗaya babba. Bakin ubanta zan rufe, ya ishe mu da tambaya."