Suna Sai a Kan Mai Shi

Shebur ɗin ya sami Baba Audi a bayan kunne, kuma har bakin kogi inda Marta ke wanki sai da ta ji ƙararsa, kamar an fasa ƙwarya. Tsohon bai faɗi nan take ba. Ya yi taku biyu yana laluben iska, hannunsa ɗaya a ɗage kamar mai roƙon a bar shi ya ƙarasa magana, sannan ya kife cikin ramin yashin da ake haƙa.

Marta ta yar da zanen da ke hannunta ta faɗa ruwa. Rani ne, kogin Kontagora bai wuce gwiwa ba a wurin, amma ita mace ce mai jiki, ta ba hamsin baya, rabonta da gudu har ta manta. Ta isa tsibirin da ke tsakiyar kogin tana haki.

"Kun kashe shi! Wayyo Allah, kun kashe tsoho!"

'Yan yashi bakwai suka yi cirko-cirko. Wanda ke riƙe da shebur ɗin shi ne Ladan, ogansu, mai tifar da ke tsaye a tsallake.

"Shi ya ja," in ji Ladan. "Kwana huɗu muna aiki yana jinya a gida, yau ya taso ya cakume mini riga, wai in tsaya ya gaya mini wani abu. Takardar izini gare ni, ba sata nake ba!"

"To da ka tsaya mana, ɗan banza! Sa'an kakanka ne fa!"

Marin da ya kwaɗa mata sai da ya zaunar da ita a yashi. Leɓenta ya fashe. Ba ta bi ta kansa ba, ta rarrafa cikin ramin ta tallabo kan tsohon, jini na bin hannunta har gwiwar hannu, mai ɗumi, yana ɗiga yashi na shanyewa.

Gungun Marina ake kiran tsibirin. Wanda ya tsaya a bayan unguwar su Marta ya hango shi zai ce tudun yashi ne da tsamiya ɗaya, amma a da gida arba'in ne a kansa, da rijiyoyin rini da ake kawo musu zane tun daga Bangi da Rijau. Ambaliya ta tashe su shekara talatin da bakwai da suka wuce, kowa ya haye cikin gari. Abin da aka bari shi ne tsamiyar, da bakunan rijiyoyin da suka cike, da kaburbura sittin da uku, kowanne da kaskon fasasshiyar tukunya a kife a kansa. Baba Audi ne marinin ƙarshe. Har yau in ka dubi gefen farcensa za ka ga shuni bai gama barinsa ba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Marta, kuma shekara ashirin ke nan kunun safensa daga tukunyarta yake fitowa.

Duk shekara in ruwa ya janye, yakan yi abin da unguwa ke kira zagaye. Ya fara daga gindin tsamiya, ya ƙirga taku, ya tsaya, ya gyara kasko, ya faɗi sunan mai kabarin da na ubansa da sana'arsa da abin da ya kashe shi, har da wanda ya taɓa yi wa rashin kunya in ya tuna. Musulmi da Kirista da masu bin na gargajiya, duk 'yan gungu ne a wurinsa. Sai dai yana da doka ɗaya da ya gada wurin ubansa: ba a faɗin sunan mai kabari sai ana tsaye a kansa. Wani malamin makaranta, Joshua, ya taɓa zuwa masa da littafi da biro a zaure, tsohon ya kore shi da dariya.

"Mamaci ba labarin zaure ba ne, malam. Suna sai a kan mai shi."

Su kuwa mutane, ai ka san halinmu. Kowa yakan bi zagayen har a zo kan nasa, ya yi addu'a, ya shafa, ya sulale ya koma harkarsa. Mahaifiyar Marta, Asabe, ita ce ta sha tara, don haka shekara ashirin Marta na bin zagaye amma ba ta taɓa jin suna na ashirin ba, kullum tuwo na jiranta a wuta. Wanda ya fi kowa nisa yakan tsaya a na arba'in da ɗaya. Daga nan zuwa wutsiyar tsibirin Baba Audi kaɗai ke ƙarasawa, yana magana da kasake, domin dangin waɗancan sun watse tun shekarar ambaliya. Shi ma Ladan, tun da ya dawo daga Zugurma inda dangin ubansa suka raine shi, duk shekara tsohon kan aika masa cewa ya zo zagaye. Ladan ya ce shi ba ya da lokacin zancen tsofaffi.

A asibiti aka ɗinke wurin, likita ya ce jini ya taru a cikin kai, sai an wuce da shi babban asibiti. Baba Audi ya ce in an ga ya hau mota to gawarsa ce. 'Yarsa Rabi'atu ta yi kuka ta gaji, aka dawo da shi gida. Gefensa na hagu ya mutu, bakin ya karkace, amma taurin kan nan yana nan daram.

Marta ta kwana biyu abu ɗaya na cin ranta, kuma ba marin ba ne. Tsoro take ji, tsoro sosai. In tsohon nan ya tafi, mutum ashirin da biyu za su zama yashi kawai, a loda su a tifa a yi bulo da su. Ta shiga ɗakinsa da wayarta a hannu, leɓenta a kumbure.

"Baba, ga waya na kunna. Ka faɗa mini na wutsiya, ko a hankali ne."

"A kan gado?"

"Baba, don Allah. Don girman Allah."

"Ke ma kin zama Joshua?" Ya yi ƙoƙarin murmushi, rabin fuskar ya ƙi. "Ɗiyata, in na faɗa miki a nan, kin san suna, kin san wuri? Ki kai ni."

"Kai ka ina? Ko zama ba ka iyawa!"

"To ki kashe wayarki, kada ta ci caji."

Ta fita tana hawaye tana zaginsa a zuci, ta ce tsohon nan ko Mala'ikan mutuwa sai ya yi gardama da shi.

A rana ta uku da hantsi ihu ya tashi daga bakin kogi. Ladan, wanda ya ɓace tun da aka kai ƙararsa wurin 'yan sanda, ya dawo da tifarsa da ƙarin ƙarti, yana so ya kwashe abin da ya tara kafin a hana shi. Samarin unguwa kuwa da ma jira suke. Suka fito da gora da adda da barandami. Kafin a ce kwabo an farfasa gilashin tifar an cinna mata wuta, baƙin hayaƙin taya ya rufe unguwa.

Rabi'atu ta leƙo ta kan katanga. "Marta, ki zo! Baba na neman sauka daga gado!"

Suka same shi ya ja jiki har bakin ƙofa da hannu ɗaya. Numfashinsa ya canza, yana fita da wani gurnani. Marta ta dube shi, ta san abin da ta gani, don ta ga irinsa a wurin mahaifiyarta. Ta jawo baron da take kai itace da shi, suka shimfiɗa bargo, suka ɗora shi. Bai fi nauyin buhun dusa ba.

"Faɗa ake yi fa!" in ji Rabi'atu.

"Riƙe kansa kawai."

A cikin ruwa tayar baron ta riƙa nutsewa, sai da suka ɗaga shi su biyu. Wani ɗan yashi ya wuce su a guje, hannunsa a sare yana reto, ruwan da ke bayansa ya yi ja. Dutse ya sami Marta a kafaɗa, ba ta ma san daga ina ba. A kan tsibirin ana ta dambe da sara, ana tattake kasake, tana jin suna fashewa ƙarƙashin ƙafafu. Ta nufi tsamiya, inda ake fara zagaye.

"A'a," in ji tsohon. "Wutsiya."

"Baba, ba daga nan ake farawa ba?"

"Na gaba suna da masu su. Wutsiya, maza."

A wutsiyar tsibirin ne ramin yake, kuma a cikinsa aka rutsa da Ladan. Yaransa sun gudu sun bar shi. An fasa masa goshi, haƙoransa biyu na yashi, ƙafarsa ɗaya ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Wani saurayi ya taka masa ƙirji, ya ɗaga adda da hannu biyu.

Marta ta tura baron har bakin ramin ta kurma ihu da muryar da ba ta san tana da ita ba.

"Zagaye! Ku yi shiru, Baba zai yi zagaye!"

Abin mamaki, suka tsaya. Yawancinsu tun suna goye ake zuwa da su, sun san in an ce zagaye ba a magana. Addar ta tsaya a sama. Marta ta kunna wayar ta kara a bakin tsohon.

Ya ɗaga yatsa ya nuna tsakiyar ramin, daidai inda Ladan ke kwance.

"Na sittin da uku," ya ce, kalma ɗaya-ɗaya. "Bashira ɗiyar Mahmudu marini, matar Zaidu direba. Mai fura ce, ba ta iya rowa ba. Ta rasu wurin haihuwa ranar da ruwa ya raba mu da gari, ba jirgin da zai kai ta maƙabarta. Ni na haƙa da hannuna. Ɗan ya rayu." Ya ja numfashi. "Ladan, ga uwarka. Abin da na ce ka tsaya ka ji ke nan."

Saurayin ya janye ƙafarsa daga ƙirjin Ladan, ya sauke addar a hankali. Ladan ya juya kai ya dubi bangon ramin. Zurfinsa ya fi tsayin mutum. Kwana huɗu tifa na kai da kawowa, an kai yashin nan gidajen bulo da wuraren gini a ko'ina cikin gari, shi kansa ba zai iya tuna ina da ina ba.

"An ce mini tana maƙabarta," ya ce, jini na fita tare da maganar. "Baba, ce mini aka yi tana babbar maƙabarta."

Tsohon ba shi da numfashin ɓatawa. "Taku huɗu, yamma," ya ce wa Marta.

Ta tura. Ya faɗi na sittin da biyu, wani Bakambare masunci da kwalara ta kashe. Taku uku, na sittin da ɗaya, wata jaririya da ba ta kai suna ba, ya ce ita ma a riƙa cewa ɗiyar Aminatu. Samarin suka biyo baron da makamansu a ƙasa, ba wanda ya sulale. A na hamsin da takwas sai da Marta ta sa kunnenta a bakinsa.

"Kawu... mai gyaran jirgi. Ya taɓa marina kan... kan kifi."

"Na ji, Baba. Taku nawa?"

Leɓensa ya motsa. Ta jira. Rabi'atu ta fara salati tana maimaita masa kalmar shahada a kunne, yatsansa mai shuni ya ɗan ɗaga, ya koma kan bargo.

"Baba, taku nawa? Baba!"

Wayar ta ci gaba da ɗauka, ba abin da ke shiga sai kukan Rabi'atu da ƙarar tayar da ke ci a tsallake. Marta ta durƙusa a yashi ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko a mutuwar mijinta, tana jin haushinsa, tana jin haushin kanta da tuwon da ya riƙa jiranta a wuta shekara ashirin. Daga arba'in da biyu zuwa hamsin da bakwai, mutum goma sha shida, sun tafi tare da shi.

Bayan azahar aka rufe shi a gindin tsamiya, kamar yadda ya sha faɗa. Da maza suka watse, Marta ta koma gida ta ɗauko tukunyar da take dama masa kunu, ta fasa ta a kan dutse, ta haye da gutsattsarin a zane. Ta kife babban a kan kabarinsa ta faɗi sunansa da na ubansa da sana'arsa da abin da ya kashe shi. Sauran ta bi da su tsakiyar tsibirin, duk inda ta ga an tattake kasko ta ajiye sabo. A kan kowanne takan tsaya, ta buɗe baki, ta rasa abin faɗa, sai ta ce, "Sannu, ɗan gungu."

A wutsiya ta tarar da 'yan sanda biyu tsaye a bakin ramin, sun zo tafiya da Ladan, amma ba wanda ya sauka tukuna. Yana zaune a ƙasan ramin, karyayyar ƙafar a miƙe, jinin goshinsa ya bushe. Yana ɗibar yashi da hannu biyu, ya buɗe yatsu ya bar shi ya zube a hankali, ya duba tafin hannunsa, ya sake ɗiba.

Kasko ɗaya ya rage a zanen Marta. Ta sunkuya ta ajiye shi a bakin ramin, inda hannunsa zai kai.