Ta Baya ko Ta Gefe

Likita ya ɗaga hoton ƙashin, haske ya ratsa ƙugun Inna Asta da ya karye a bakin rijiya a Garo. Ga tsohuwar kwance a gabansa, amma da babban ɗanta Mijinyawa yake magana, da Turanci kuwa, sai ka ce ƙugun nasa ne.

Zinnira, autarta, malamar firamare ce a Gwarzo, don haka ba abin da ya wuce ta. Ƙarfe za a sa a madadin kan ƙashin, kuma hanya biyu ce. In aka yanka ta baya, tafiya ta fi miƙewa, amma ƙarfen ya fi saurin gocewa, ba tsuguno, ba zaman ƙasa. In ta gefe ne, ya fi zama daram, sai dai wataƙila ta riƙa ɗingishi.

"Ta baya," in ji Mijinyawa.

Zinnira ta ja shi gefe. "Yaya, a tambaye ta mana. Inna fa a tsugune take tatsar saniyarta, a ƙasa take salla."

"Uwata ba za ta yi ɗingishi a idon jama'a ba."

Tun da Shari'a ta shigo aka ba shi kujera a wani kwamiti a Kabo, idon jama'a ya zama alƙiblarsa. Haushi ya turnuƙe Zinnira. Aiki ne da ba a maimaitawa, a marrar da ko auduga sai majinyaci ya sayo. Amma an ce babban wa magajin uba. Ta haɗiye maganarta.

Bayan wata uku Mijinyawa ya kwaso abokansa dubiya. "Inna, ɗan taka su gani." Ta taka, miƙe sambal. Aka yi ta masha Allahu, ba wanda ya ji kukan saniyar Inna da maƙwabciya ke tatsa a bayan danga.

Da la'asar Zinnira ta kawo kujerar roba. Tsohuwar da goshinta ya shekara sittin yana taɓa ƙasa ta yi sujada a iska. Da ta sallame, ta ga Zinnira na cizon leɓe.

"Bar ɓata ranki, Auta," ta ce a hankali. "Da a ce akwai wata hanya, na san ke ba za ki yi shiru ba."

Zinnira ta sunkuya ta naɗe dardumar.