Ƙashin Hannun Auta

Inna da bakinta ta ƙara wa Auta shekara biyu. Bara da mijinta ya kwanta jinya, ta nema wa Auta aiki, masana'antar katako ta ce ba ta ɗaukar yara, sai ta je ta rantse, aka buga takarda, ɗan sha huɗu ya wayi gari ɗan sha shida. Har dariya ta yi ranar, wai ita mai wayo.

Bana kuma Auta ya ɗauke bindigar maigadin masana'antar daga bayan ƙofa, ya binne ta cikin garin katako, don kawai abokai su ce ya isa. Sabuwar doka kuwa ba ta san wasa ba: duk wanda ya saci bindiga, in ya kai sha shida, kotun manya zai je, kurkukun manya zai zauna. Inna ta ce ƙarya ta yi a takardar. Lauyan gwamnati ya ce wadda ta yi ƙarya bara, me zai hana ta bana? Alƙali ya ce a tambayi likita.

A asibiti, a ɗakin hoton ƙashi, ɗan sanda ya kwance ankwa, aka shimfiɗa hannun Auta na hagu kan wani faranti mai sanyi. Jim kaɗan likitar ta liƙa hoton jikin fitila.

Inna ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Shekara goma sha biyar tana wanke hannun nan, tana make shi in ya leƙa tukunya, ba ta taɓa ganin cikinsa ba. Ga ƙasusuwa farare tas, ƙanana ƙanana, kowanne zaune a mazauninsa. Ashe duk wannan aiki a cikinta aka yi shi, ba ta da labari.

"Kin ga baƙin layin nan, Inna?" in ji likita.

"Karaya ce?"

"A'a, wurin girma ne. Sai yaro ya gama girma yake rufewa. Nasa a buɗe yake sosai. Abin da na gani zan rubuta wa alƙali: bai kai sha shida ba."

Daɗi ya zo mata, kunya ta riga shi zama. Ta kamo hannun, ta juya tafin, duk ya yi kanta, ga sartse.

"Auta," ta ce a hankali, "ashe hannun nan ko gama haɗuwa bai yi ba na tura shi ɗaukar katako."