Guntayen Muryar Baba Haliru

Sumayya tana aikin kammala digirinta a sashen Hausa, a kan ƙananan harufan da ke manne a ƙarshen kalma su nuna an san abin da ake magana a kai, yadda gona ke komawa gonar, yaro ya koma yaron. Malaminta ya ce mai yiwuwa daga kalmomin nuni irin su "nan" suka samo asali, baki ya cinye su a hankali. Ya ce ta nemi maganar tsofaffi.

Da damina ta je Kwatarkwashi, aka haɗa ta da Baba Haliru, wani tsohon manomi mai son hira. Ya daɗe yana ba ta labarin gonarsa, tana ɗauka a waya. Da ta koma gida Tudun Wada sai wayar ta cika. Ta yanke wuraren da take buƙata, ta goge sauran.

Bayan kaka wata mata ta yi sallama a gidansu, da goyo a bayanta.

"Ni ce Asiya, ɗiyar Baba Haliru. An ce ke kika ɗauki muryarsa."

"Ni ce. Yana lafiya?"

"'Yan bindiga sun tare su a hanyar gona. Mun yi sadakar arba'in." Ta gyara goyonta. "Ko hotonsa ba mu da shi. Inna ce ta ce in zo."

Sumayya ta ɗauko wayar, ta kunna. Muryar tsohon ta fito gutsi-gutsi: "gonar"... "rijiyar nan"... "yaron nan kuwa"... sai shiru.

"Sauran fa?"

"Na goge, Yaya. Wallahi ban san haka za ta faru ba."

Asiya ba ta yi faɗa ba. Ta ce a sake kunna na ƙarshen, ta kara wayar a kunne.

"Wane yaro yake nufi? Khalid ɗinmu da ya rasu, ko jikan Baba?"

Sumayya ta yi ta ƙoƙarin tunawa. A ranar, ƙarshen kalmomin kawai take saurare.

"Ban riƙe ba," ta ce.

Ta tura mata guntayen a wayarta, ta raka ta tasha. Aikin kuwa sai da shekara ta juyo kafin ta iya komawa kansa.