Sahur da Tsakar Rana

Wata biyu ke nan da ƙaramar Sallah, amma Inna Harira ba ta ajiye azumi ba. Kullum in autarta Zahra'u ta kawo mata koko da safe, sai ta ture kofin.

"Ke wace irin yarinya ce? Cikin Ramadan?"

"Inna, azumi ya wuce. Ga Layya ma ta ƙarato."

"Ubanki ne ya ga watan?"

Ba ta sa komai a baki sai ta ji kiran Magariba daga masallacin layinsu a Rafin Guza, kuma kafin loma uku ta manta da kwanon. Duk ta rame, wuyanta kamar sillen kara. Maƙwabta na cewa, "Masha Allah, tsohuwa mai ibada." Yaya Lawal ya bugo waya daga Kano ya ce a bar ta ta tara lada. Zahra'u kuwa dole ta ajiye koyarwar da take yi a Malali, don ranar da ta fita ta dawo ta tarar da Inna yashe a tsakar gida, leɓe duk ya bushe.

A asibiti likita ya ce Inna ta faɗi sunayen 'ya'yanta. Ta faɗi huɗu, babu Zahra'u a ciki.

"Ciwon mantuwa ne, ƙwaƙwalwa yake taɓawa," in ji shi. "Ba ya warkewa. Amma in ba ta ci abinci ba, yunwa za ta riga shi."

Ya tura ta wurin wasu mata masu jinyar irin wannan ciwo, da ke haɗuwa duk Laraba a barandar asibitin. Ta daɗe tana murza bakin mayafi kafin ta iya magana. Wata Hajiya Jummai, wadda ta shekara uku tana jinyar mijinta, ta yi dariya.

"Gardama kike da ita? 'Yar nan, ba za ki ci riba ba. In azumi take, ai mai azumi yana sahur."

"Hajiya, ƙarya fa ke nan."

"To dafa mata gaskiyar ta ci."

Washegari da rana tsaka, Inna na barci, Zahra'u ta rufe taga da bargo, ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ta kunna fitila.

"Inna, tashi. Sahur."

Inna ta yi bisimilla. Ta cinye tuwon tas, ta shanye ruwa kofi biyu, Zahra'u na ta istigfari a zuci.

"Allah ya yi miki albarka, baiwar Allah. Kada ki buɗe ƙofar nan sai an kira Asuba."

A waje 'yan ga-ruwa na ta wucewa. Zahra'u ta jingina da ƙofar, gumi na bin bayanta, ta ce, "To, Inna."