Harbin Sallama na 'Yar Tsiwa

In ka ji Baba yana faɗa a ɗakinsa da sassafe, kada ka wahalar da kanka da zuwa rabon faɗa. Da bindigarsa yake. 'Yar Tsiwa yake kiranta, kuma wallahi ta ci sunanta. Tsohuwar bindigar farauta ce mai baki ɗaya, katakonta ya yi baƙi ya yi sulɓi saboda gumin hannu. Ba ta son raɓa ko kaɗan. In aka fita da ita ba a shafa mata mai ba, sai ta yi kunnen uwar shegu, ka ja kunama ta ƙi tashi. In kuwa baƙo ya ɗauke ta, takan sakar masa duka a kafaɗa, ya kwana biyu yana gashi.

A zamanin da Baba ke da ƙarfi, duk abokan farautarsa haka suke, kowa da sunan tasa. Akwai Kurma, wadda sai an ja ta sau biyu take ji. Akwai Alƙali, da in ta yi magana an gama shari'a. In sun zauna hutawa a gindin bishiya, gulmar bindigogin suke yi kamar ta dangi, wannan ya ce tasa ta tashi da fushi, wancan ya ce tasa kwaɗayi gare ta. Yau duk sun kwanta dama, bindigoginsu kuma 'ya'ya sun watsar. Baba kaɗai ya rage, kuma kewarsu na cinsa ƙwarai, ko da yake ba ya faɗi.

To, sai ido ya fara ba shi matsala. Shi dai ya ce lafiyarsa lau, duniyar ce ta yi hazo. Ana nan, wata safiya ya hango abu yana motsi a bayan lambu, ya ɗauka karen daji ne ya zo wa kaji. Har ya ɗora 'Yar Tsiwa a kafaɗa, sai abin ya miƙe tsaye ya gaishe shi. Matar maƙwabci ce ta sunkuya tana tsinkar ganye.

Autarsa, wadda ke zaune da shi tun rasuwar Inna, matarsa, ta ji labarin ta sanar da 'yan'uwa. Yayyenta suka ce a miƙa bindigar ga hukuma kawai. Ita ce ta roƙa aka tsaya a kan a kai wa maƙeri ya toshe bakin da walda, a dawo da ita a rataye a bango.

"A toshe mata baki?" in ji Baba. "Ke da kika girma da naman da ta kawo? Ai ita ta saya miki takalmin makaranta."

"Na sani, Baba. Amma saura ƙiris ta sa ka kashe mutum."

Baba ya ɗauki bindigar suka nufi wurin maƙerin. Amma a ransa bai yarda ba.

Maƙerin tsohon saninsa ne, shi ke gyara ta tun suna samari. Shagonsa cike da ƙarafa da warin tsatsa, ga tarin ƙasa a baya inda yake gwada aiki. Yana da ƙa'ida guda: ba ya toshe bindiga sai mai ita ya yi harbin sallama. Ya karɓe ta, ya shafa katakon, ya ce, "Mutuniyar, an tsufa."

"Kai ne ka tsufa," Baba ya ce. Sannan ya juya ga Auta. "Ki saurara. A ɗora gwangwani can. In na same shi, da bakinta za mu koma gida, kuma kada in sake jin wannan zance."

Auta ta dubi maƙeri, maƙeri ya dubi ƙasa. Ta san in ta ƙi, ko da ƙarfi ba za a raba shi da bindigar ba. Ta ce ta yarda.

Aka ɗora gwangwanin madara a kan tarin ƙasar. Baba ya saka harsashi da hannun da bai manta komai ba. Ya kwantar da kuncinsa a kan katakon, ƙamshin man nan ya shiga hancinsa, nan take ya ji kamar abokansa na tsaye a bayansa suna jiran su yi masa tsiya. Ya duba gaba. Wani fari-fari yake gani, bai san ko gwangwanin ba ne ko hasken rana. Ya yi mata raɗa, "Kada ki ba ni kunya." Ya ja.

Ta tashi da ƙarar nan tata, kajin unguwa suka watse. Ƙura ta lafa. Baba ya kasa kunne ko zai ji gwangwani na gangarawa. Bai ji komai ba.

"Na samu?"

Gwangwanin na nan inda aka ɗora shi. Harbin ya tone ƙasa can gefe, nesa da gwangwanin da kusan tsawon mutum. Maƙeri ya dubi abokinsa, tausayi ya kama shi.

"Laifinta ne," ya ce. "Bakin ya ɗan karkace, tun ɗazu na lura. Ka san halinta, yau tsiwar ce ta motsa."

Baba ya daɗe yana shafa bakin bindigar, da sauran ɗuminsa. Miƙe yake sarai, yatsunsa sun gaya masa.

"Kada ka yi mata ƙazafi a ranar sallama," ya ce a hankali. "Inda na nuna mata nan ta je."

Ya miƙa wa maƙeri ita da hannu biyu. Sannan ya lalubo hannun Auta ya riƙe.

"Mu je bakin hanya mu jira. Ba na son in ji ƙarar waldar."