Abin da Kyamara Ta Gani a Shagon Umma

Ranar da Auta ta ce za ta koma jami'a ta yi digiri na biyu a fannin shirya fim, 'yan gidansu dariya suka yi. Yayanta ya tambaye ta ko kallo ma sai an yi masa digiri, shi da yake yinsa a kwance kyauta. Umma ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ce a bar yarinya ta bi hanyarta, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Karatun ya sha kanta. Ta koma zama a ɗakin kwanan ɗalibai, gida kuwa sai dai ta leƙa a tsaitsaye, ta gaisa, ta cika jaka da abinci ta wuce. A zangon ƙarshe aka ce kowane ɗalibi ya shirya gajeren fim na gaskiya a kan wani mai sana'a. Abokan karatunta suka bazama gari neman maƙera da masunta. Ita ba ta je da nisa ba, don Umma tela ce, shagonta yana bakin layinsu tun kafin a haife ta. Ba ta gaya wa kowa a makaranta cewa mahaifiyarta ce ba, kada a ce ta bi ta inda katanga ta fi gajarta.

Kwana da kwanaki ta yi a shagon, idonta a kan ɗan allon kyamara. Damuwarta hasken ƙofa da yake yin yawa da hantsi, da ƙarar injin niƙan maƙwabta da take shiga sauti. Umma tana ta aikinta, tana taka keken ɗinki, tana zolayar masu kawo ɗinki. Akwai wani wuri da Auta ta fi alfahari da shi: Umma ta zura zare a allurar keke ba tare da ta duba ba, tana dariya da wata mata.

Da ta gama haɗa fim ɗin, ta kira malamar da take duba aikinta, wadda kowa yake kira Dakta, zuwa ɗakin tace finafinai. Ɗan ɗaki ne mara taga, mai sanyi, kujerunsa duk sun karkace. Dakta ba ta cika yabo ba, saboda haka Auta ta zauna a ɗarare. Matar ta kalla har ƙarshe. Sannan ta cire tabarau ta ce wannan ne aiki mafi kyau da ta gani a bana, sai dai abu ɗaya ya ɗaure mata kai.

"Me ya sa kika ɓoye wa mai kallo cewa matar nan ba ta gani sosai? Ai nan ne zuciyar labarin."

Auta ta yi 'yar dariya. Ta ce mahaifiyarta ce, kuma idonta garau yake, ko tabarau ba ta sawa.

Dakta ta jawo kujera kusa, ta mayar da fim ɗin baya da kanta, tana tsayar da shi wuri-wuri. Ga Umma tana neman almakashi, tafin hannunta yana bubbuga tebur, alhali almakashin yana gabanta. Ga wata mata ta shigo ta gefen hagu ta tsaya, Umma ba ta waiwaya ba sai da matar ta yi sallama. Ga Umma ta auna kafaɗar wata yarinya, ta danne tef ɗin da farce, ta ce cikin wasa bari ta ga ko 'yar makaranta ta iya karanta lamba. Dakta ta ce a hankali, haka nata mahaifin ya yi ta yi kafin su farga.

Kowane wuri a cikin waɗannan Auta ta kalle shi ya fi a ƙirga, ta gyara launinsa, ta daidaita sautinsa. Ko jakarta ba ta ɗauka ba ta fita.

Rana tana tsaka ta isa layinsu. Ta tsaya a ƙofar shagon ta ɓangaren hagu, ba ta yi sallama ba. Umma tana kan keke, kanta a sunkuye, yatsunta suna bin bakin yadin. Auta ta ɗaga hannu ta kaɗa. Umma ba ta motsa ba. Ta matsa taku ɗaya, sai keken ya tsaya.

"Wane ne ya tare min haske?"

"Ni ce, Umma."

Muryarta kaɗai ta isa. Umma ta sauke ƙafa daga kan keke ta ce ta shigo ta janyo labule. Ba ta yi wani kwana-kwana ba. Ta ce idon hagu ya tafi tun bara, na dama kuma kamar mai leƙe ta ramin makulli. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Yaya ne yake kai ta asibiti, shi yake ɗiga mata magani safe da yamma, kuma ita ta sa shi ya yi alkawarin ba zai faɗa ba.

"Na san halinki. Da kin ji, da kin tattara karatun kin ajiye."

Auta ta zauna a kan tarin yadi. Kukan ma bai zo ba. Ta yi ta bin shagon da kallo, sai yanzu ta ga an jera zaren launi-launi a kwalaye dabam-dabam, kowane kwali da adadin maɓallan da aka ɗinka masa a gefe don a gane shi da taɓawa. A nan Yaya ya same su da ya zo da maganin. Da ya ga fuskar ƙanwarsa bai yi zolayar da ya saba ba. Ya ce duk kwanakin da ta yi tana ɗaukar fim, addu'a yake Allah ya sa ta gane da kanta, ko ya huta da wannan kaya.

Da farko Auta ta ce ta fasa miƙa fim ɗin. Umma ta ce ba ta isa ba, bayan duk ta hana ta sakewa a shagonta. Sharaɗinta ɗaya ne, kada a saka maganar idon, don in masu kawo ɗinki suka ji za su watse, ita kuma ba ta shirya zaman gida ba. Auta ta koma ta gaya wa Dakta. Dakta ta ce da an saka, da fim ɗin ya yi nisa, amma ba ta sake tayar da zancen ba.

Haka aka nuna shi ranar jarrabawa. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya ce hotunan sun yi kyau, sai dai yana jin kamar akwai abin da fim ɗin ya ƙi faɗa. Auta ta ce haka ne. Ta ci, amma ba da makin da aka zata ba.

A makon nan ta kwaso kayanta ta dawo gida, ta karɓi ɗiga magani daga hannun Yaya. Ta raka Umma asibiti, likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, amma in aka kiyaye, za a iya riƙe abin da ya rage. Bayan wasu watanni Umma da bakinta ta gaya wa masu kawo mata ɗinki. Wasu suka ɗauke ƙafa, da yawa suka ci gaba da zuwa, suna karanta mata lambar tef ba sai ta yi dabara ba.